TSATSA A JIKIN DUWATSUN TARIHINMU: YADDA ZA A CIRE TA BA TARE DA AN SHAFE TARIHIN BA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Rogo mazauna birane



Gabatarwa

Na san cewa da yawa daga cikinku da suka ga kan wannan jawabi a jikin takardar gayyata sun yi murmushi. Ga matsalar hanya, ga ta taki, ga ta asibiti da makarantu, amma sai a tara mutane daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin a yi masu maganar tsatsa? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Da na je gida hutun Sallah, na bi ta wata makarantar firamare da ke ɗaya daga cikin ƙauyukanmu. A jikin bangon ajin farko akwai wani farin allon dutse da aka kafa ranar da aka buɗe makarantar, ɗauke da sunan wanda ya buɗe ta da kwanan wata. Tun muna yara ƙusoshin da suka riƙe allon suke zubar da jan ruwa a kan rubutun, amma duk da haka ana iya karanta shi. Wani ɗan'uwanmu mazaunin birni, da kyakkyawar niyya, ya aiko da kuɗi aka sake rufin ajin aka yi fenti. Maginin da ya yi aikin ya ga allon ya yi muni a tsakiyar sabon fenti, sai ya samo ruwan batir ya kwara masa, ya bi shi da burushin ƙarfe. Allon ya yi fari ƙal. Sai dai rubutun ya tafi tare da tsatsar. Na tsaya na shafa shi da hannuna, na kasa fitar da shekarar. Da na tambayi dattawa biyu, kowannensu ya ba ni shekara dabam, kuma babu sauran wanda zai raba gardama, domin shaidar da za ta raba ta ita ce aka wanke.

Abin da tsatsa ta yi shekaru masu yawa ba ta iya yi ba, kuɗinmu da gaggawarmu sun yi shi a wuni guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa na zaɓi in yi magana da ku, ku da kuke aiko da kuɗin gyara, maimakon in yi ta da magina kaɗai.

Waɗanne duwatsu ake nufi?

Idan aka ce kayan tarihi, hankalinmu yakan tafi ga ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ko Gidan Makama, ko kangon Surame, birnin Kanta na Kabi, mai ganuwar dutse. Waɗannan suna da hukumomin da aka ɗora wa alhakin kula da su. Namu na gida su ne ba su da mai kula: allunan buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, duwatsun aza harsashin masallatai da kasuwanni, rubutun da aka yi a bakin rijiyoyin siminti, da tsofaffin duwatsun niƙa da kakanninmu mata suka yi shekaru suna durƙuso a kansu har tsakiyarsu ta lotsa.

Kada a raina waɗannan. An ƙirƙiri Jihar Kano a shekarar 1967, shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa ya fara a 1976, hukumar DFRRI ta samar da hanyoyi da ruwan sha a karkara daga 1986, sannan PTF ta yi nata aikin a shekarun 1990. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamunna ya bar alluna a jikin gine-ginen ƙauyukan Arewa. Takardun ofis gara tana cin su, kuma sukan ɓata a wajen ƙaura daga wannan ofis zuwa wancan. Sau da yawa allon da ke jikin bango shi ne kaɗai rubutacciyar shaidar da ta rage game da lokacin da ƙauye ya sami makarantarsa ko rijiyarsa ta farko. Ranar da jikokinmu za su zauna rubuta tarihin Rogo, daga Zarewa zuwa Beli, daga Fulatan zuwa Gwangwan, waɗannan alluna za su nema.

Mece ce tsatsa, kuma daga ina take zuwa?

Tsatsa tana samuwa ne idan abubuwa uku suka haɗu: ƙarfe, da ruwa ko danshi, da iska. Idan aka raba ƙarfe da danshi, ba zai yi tsatsa ba. Dutse kuwa, ko da ido yana ganin sa a dunƙule, yana da ƙananan ƙofofi da ke shan ruwa. Ruwan sama yakan bi ta kan ƙarfe ya ɗauko sinadarinsa a narke, ya shiga da shi cikin waɗannan ƙofofi. Da ya haɗu da iska sai ya rikiɗe ya zama jan abin nan da ruwa ba ya iya narkarwa. Shi ya sa sabulu da soso ba sa fitar da tabon tsatsa: tabon yana can cikin naman dutsen.

A wajenmu tsatsa takan zo wa dutse ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce ƙusoshi da notinan da aka kafe allon da su. Ta biyu ita ce ruwan da ke zubowa daga tsohon kwanon rufi, ko ƙarafan taga, ko ƙafafun tankin ruwa. Ta uku ita ce ruwan rijiyar burtsatse, domin ruwan wasu wurare yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma duk wanda ya ga yadda simintin gindin wani famfon yake yin ja ya ga shaidar haka. Ta huɗu kuwa daga cikin dutsen kansa take fitowa, saboda wasu duwatsun an halicce su da ƙwayoyin ƙarfe a cikinsu, da zarar danshi ya daɗe a kansu sai su fara yin ja.

Muni shi ne ƙaramar illar tsatsa. Babbar illarta ita ce kumburi. Ƙarfen da ya yi tsatsa yakan ninka girmansa na asali sau da dama, ya riƙa tura dutsen da ke kewaye da shi har ya tsaga shi. Duk allon da kuka ga ya tsage daga kusurwa, ku duba da kyau, galibi daga ramin ƙusa tsagar ta taso.

Wannan darasi Girkawa sun biya shi da tsada. Magabatansu da suka gina shahararren ginin nan na Fartenon a birnin Atina, tsakanin shekara ta 447 zuwa ta 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ɗaure duwatsun da ƙarfe, amma sai suka narka dalma suka lulluɓe ƙarfen domin kada danshi ya kai gare shi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930, wani injiniya mai suna Nikolaos Balanos ya jagoranci gyaran gine-ginen wurin, ya sa sababbin ƙarafa ba tare da irin wancan lulluɓi ba. Cikin 'yan shekaru ƙarafan suka yi tsatsa suka farfasa duwatsun da suka yi fiye da shekara 2,000 a tsaye. A 1975 gwamnatin Girka ta kafa kwamiti na musamman, aka shiga ciro ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ana musanya su da taitaniyam, wani ƙarfe da ba ya tsatsa. Aikin ya ci shekaru masu yawa da dukiya mai ɗimbin yawa.

Ba kowane ja ne tsatsa ba

Kafin a ɗauki magani, wajibi ne a tabbatar da cutar. Ƙasarmu ƙasar ƙarfe ce. Jan da ke jikin marmara da burji da jar ƙasar da muke gini da ita duk daga sinadarin ƙarfe yake. Tama ce ta jawo maƙera zuwa gindin Dala, inda bincike ya nuna ana narka ƙarfe tun wajejen ƙarni na 7. Saboda haka dutsen marmara da aka yi harsashi ko bakin rijiya da shi, jansa halittarsa ce, kuma wanda ya sa masa maganin tsatsa jikin dutsen yake ci.

Akwai kuma inda jan shi ne tarihin kansa. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, waɗanda labarinsu ya bazu a duniyar masana a shekarun 1950. Jan launin da masu zanen dutse suka fi amfani da shi a Afirka daga jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe ake samunsa, wato ɗan'uwan tsatsa ne na jini. Maganin da zai cire tsatsa zai iya cire irin wannan zane. Don haka idan wani manomi ko makiyayi ya ga alamar zane a jikin wani fa ko kogo a yankinmu, kada a wanke, kada a shafa ruwa domin ya fito a hoto, kada a bi shi da alli. A sanar da dagaci, shi kuma ya sanar da hukuma.

Gyaran gangar Auzinawa

Allunanmu kashi biyu ne. Akwai na farin dutsen mabul, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, da danginsa na tarazo da siminti. Akwai kuma na giranayit, wato irin dutsen fa da tsaunukan da muka saba gani a ƙasar Kano. Bambance su abu ne mai sauƙi: bakin wuƙa yana karce mabul, amma ba ya karce giranayit. A yi wannan gwaji a baya ko a gefen allon inda ido ba ya kai.

Muhimmancin bambancin shi ne, mabul ɗan'uwan alli ne da ɓawon ƙwai, kuma duk wani abu mai tsami yana narkar da shi. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, haka ma yawancin ruwan wanke masai da ake sayarwa a kanti. Kumfar da ake gani idan an zuba su a kan mabul ba dauɗa ce ke fita ba, dutsen ne yake narkewa. Hatta lemun tsami da tsamiya, waɗanda iyayenmu mata suke fitar da tabo daga tufafi da kwanuka da su, suna dusashe ƙyallin mabul. Ruwan bilic na wanke farin kaya shi kuma ba ya cire tsatsa, yakan ma ƙara zaunar da ita. Burushin ƙarfe yana kankare rubutu, sannan ya bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin ƙofofin dutsen, wanda damina ɗaya za ta mayar da shi sabuwar tsatsa. Fenti kuwa rufe ciwo ne da tsumma: danshi yana nan a ƙarƙashi yana aikinsa. Akwai ma wasu magungunan cire tsatsa na kanti masu ɗauke da wani asid da ke cin gilashi da giranayit, wanda idan ya taɓa fata yakan ratsa har ƙashi. Kada a sayi kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Kada mu ɗauka jahilcin ƙauye ne kaɗai yake jawo irin wannan ɓarna. A tsakanin 1937 da 1938, a babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, ma'aikata sun kankare wasu sassaƙaƙƙun duwatsun da aka kwaso daga Fartenon da kayan aiki na jan ƙarfe da dutsen wasa wuƙa. Attajirin da ya ba da kuɗin gina masu sabon zaure, Lord Duveen, yana son ya gan su farare. Fatar da aka kankare daga jikinsu ba ta dawo ba, kuma har yanzu ana ambaton abin a cikin jayayyar da ke tsakanin Girka da Birtaniya game da duwatsun. Ku lura da kamannin labarin da namu: mai kuɗi ya ba da kuɗi da kyakkyawar niyya, yana son ya ga abu ya yi fes, ma'aikaci kuma ya nemi faranta masa. Garin neman gira aka rasa ido.

Dabarar ƙunshi

To, yaya masana suke yi? Hanyar da suke bi kowace mace a wannan zaure ta san ta. Idan za a yi ƙunshi, ana kwaɓa lalle da kauri, a shafa shi daidai inda ake so, a ɗaure da leda, a ba shi lokaci. Da a ce ruwan lalle tsararo aka zuba, da ya gangare ya ɓata inda ba a nufa ba, kuma ba zai kama ba. Masu gyaran dutse haka suke yi, sai dai nasu ƙunshin a juye yake aiki: lalle yana saka launi a fata, nasu kuwa yana zuƙo launi daga dutse.

Kwaɓin yakan kasance na yumɓu mai laushi, ko garin alli, ko dusar takarda. A Indiya, hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta shafa wa ginin Taj Mahal wata irin laka da matan can suke gyaran fuska da ita, karo na farko a 1994, aka kuma maimaita a wasu shekarun. Idan ta bushe sai a ɓamɓare ta a ɗauraye da tataccen ruwa, ta tafi da dauɗar hayaƙi da ƙura. Laka zalla tana isar dauɗa, amma tsatsa sai an haɗa da magani.

Daga shekarun 1980 aka ƙara inganta wannan dabara da abin da ake kira jel, musamman ta hanyar aikin wani masani Ba'amurke mai suna Richard Wolbers. Jel ruwa ne da aka kafar da shi har ya yi kauri kamar jiƙaƙƙen ƙaro ko kunun da ya kwana. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su shi ne agar, wani gari da ake samu daga ciyawar teku, wanda ɗakunan gwaje-gwaje na asibitoci da jami'o'i suke renon ƙwayoyin cuta a kansa. Ana dafa kimanin giram 3 a cikin mililita 100 na ruwa har ya narke, idan ya fara hucewa sai ya kafe. Amfanin jel uku ne. Yana tsayawa a jikin bango ba ya gangarowa. Yana sakin ruwa kaɗan-kaɗan, don haka maganin ba ya nutsewa cikin dutsen fiye da kima. Sannan idan an gama ana ɗaye shi gaba ɗaya, ba a bukatar gurza.

Maganin da ake sawa a cikin kwaɓin iri biyu ne, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne mai damƙa. Sunansa a kimiyyance daga kalmar Girkanci mai nufin ƙafar ƙaguwa aka samo shi, domin yana cafke ƙwayar ƙarfe ya riƙe ta har ruwa ya fito da ita. Mafi saukin samu a cikinsu shi ne sitiret, na sodiyam ko na amoniyam. Asalinsa tsamin lemo ne, amma an kashe masa kaifin tsamin. Na biyu shi ne mai sassautawa, wanda yake mayar da busasshiyar tsatsa zuwa yanayin da ruwa zai iya narkar da ita, kuma fitacce a nan shi ne sodiyam ditayonayit. A shekarar 2016 wasu masana a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak suka wallafa sakamakon bincikensu, inda suka haɗa ditayonayit da wani sinadari mai suna sisteyin, wanda ake samu a gashi da ƙaho, a cikin kwaɓi guda, suka cire tsatsa daga mabul ba tare da lalata fuskarsa ba. Sai dai ditayonayit yana da warin ƙibiritu mai shaƙe numfashi, kuma garinsa yana iya kamawa da wuta idan danshi ya taɓa shi a ma'ajiya. Wannan aikin ƙwararru ne, kada a ba magini ko ɗalibi.

Akwai wani tsohon haɗi mai sauƙi da masu kula da gine-gine suka daɗe suna amfani da shi: awo 1 na sodiyam sitiret, awo 6 na ruwa, awo 7 na gilisarin, a kwaɓa da garin alli har ya yi kaurin da zai tsaya a bango. Gilisarin yana hana kwaɓin saurin bushewa. Wannan malamin kimiyya na makarantar sakandare zai iya haɗa shi. Duk da haka shi ma sitiret yana ɗan taɓa mabul idan ya daɗe a kansa, saboda haka gwaji wajibi ne.

Matakan aikin

Na farko, a ɗauki hoton allon daga gaba da kuma daga gefe, da hantsi ko da la'asar, lokacin da hasken rana yake zuwa a karkace yana fito da haruffa. A kwafe rubutun a littafi harafi bayan harafi. Ko da aikin ya ɓaci, bayanin ya tsira.

Na biyu, a kashe tushen tsatsar. A gyara indararo, a canza kwanon da ke ɗiga, a ciro tsofaffin ƙusoshi a hankali a sa na ƙarfen sitenles da ba ya tsatsa. Tagulla ba ta yin jar tsatsa, amma takan bar koren tabo. Wanda ya wanke tabo ya bar ƙusa a wurinta, ya jira dawowarsa a watan Agusta.

Na uku, a share ƙura da burushi mai laushi, a wanke da ruwa zalla. Ruwan ya kasance tatacce, ko na sama da aka tara a roba kai tsaye, wanda bai bi ta kan kwano ba. Wanke tsatsa da ruwan da ke ɗauke da ƙarfe aikin baban giwa ne.

Na huɗu, a gwada kwaɓin a wuri ƙarami kamar faɗin kwabo, a kusurwar da ba rubutu, na ɗan lokaci kaɗan. Idan an cire an ga ƙyallin dutsen ya dusashe ko ya yi kaushi, a dakata a nemi shawara.

Na biyar, idan gwaji ya yi kyau, a jiƙa wurin kaɗan, a shafa kwaɓin da kaurin ɗan yatsa har ya ɗan wuce iyakar tabon, a rufe da leda a manne gefenta. A nan yanayinmu yana bukatar lura. Hunturu yana busar da kwaɓi kafin ya yi aiki, zafin bazara kuma yana gasa bango. A yi aikin da sassafe, a kafa zana ko buhu domin inuwa. Lokacin kaka, bayan ɗaukewar ruwa, ya fi dacewa. Jel yakan ɗauki daga mintoci zuwa 'yan awoyi, haɗin alli da gilisarin kuwa yakan kwana biyu ko uku.

Na shida, a cire da katako ko roba, kada a sa ƙarfe. A ɗauraye sosai sau da yawa, a bar dutsen ya bushe kafin a yanke hukunci. Idan da sauran tabo a maimaita. Mai aikin ya sa safar hannu da tabarau, a nisantar da yara, kuma kada a zubar da ragowar kusa da rijiya.

Na bakwai, a san lokacin tsayawa. Tsohon tabo ba lallai ne ya fita duka ba, musamman wanda ya taso daga cikin dutsen. Ƙa'idar masu wannan sana'a a duniya, tun daga yarjejeniyar da aka tsara a birnin Benis na Italiya a 1964, ita ce a girmama abin asali, kada a mayar da tsoho sabo da ƙarfi. Allon da ke da ɗan ja amma ana karanta shi ya fi farin da ba komai a jikinsa. Furfura ba aibi ba ce ga dattijo.

Shawarwari ga ƙungiya

Bisa ga abin da ya gabata, ina gabatar wa wannan taro shawarwari biyar.

1. A buɗe littafin rajistar allunan tarihi na dukkan mazaɓun Rogo 10. Kowane reshe na birni ya ɗauki mazaɓa ɗaya ko biyu. Matasanmu da ke zuwa gida hutu suna da wayoyi masu ɗaukar hoto, abin da ake bukata kawai shi ne a ba su aikin. A riƙa buga hotunan da rubutunsu a wannan mujalla kowace shekara, domin abin da aka buga kwafi da yawa ba ya ɓata.

2. Duk aikin gyara da ƙungiya ko wani ɗanta zai ɗauki nauyi, a rubuta sharaɗi a takardar kwangila cewa ba za a cire tsohon allo ba, ba za a yi masa fenti ba, ba za a wanke shi da asid ba. A lulluɓe shi da leda da kwali har a gama aiki.

3. Wanda ya gyara gini yana da haƙƙin a rubuta sunansa, amma a kafa sabon allon a gefen tsohon. Wanda ya cire allon na gabansa ya koya wa na bayansa yadda za a yi da nasa.

4. Sababbin allunan da za mu kafa a yi su da giranayit, da rubutu mai zurfi, da ƙusoshin da ba sa tsatsa, a ƙarƙashin inuwar rufi. Tun ran gini ran zane.

5. A nemi haɗin kan masana. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, tana da ma'aikata a Gidan Makama. Hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗan Hausa. A cikinmu ma akwai malaman kimiyyar sinadarai da injiniyoyi. Duk abin da ya girmi zamanin allunan gwamnati, ko aka haƙo shi daga ƙasa, kada a taɓa shi sai an sanar da su ta hannun iyayen ƙasa.

Kammalawa

'Yan'uwa, babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da zai ci kuɗin da ya kai na rufin aji guda. Abin da suke bukata shi ne lura da haƙuri, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa mana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Mutanen da sunayensu ke jikin allunan nan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Wasu su ne suka ba da filin da aka gina makarantar da ta kai mu inda muke a yau, wasu su ne suka yi aikin gayya suka ɗebo yashi da ruwa. Mu ma muna kafa namu allunan yanzu, muna fatan a karanta su bayanmu.

Roƙona ga kowa shi ne, zuwan da za ka yi gida na gaba, bayan ka gaida iyaye, ka taka zuwa makarantar da ka yi ko rijiyar unguwarku, ka duba allon. Ka ɗauki hotonsa, ka kwafe rubutun, ka miƙa wa sakataren reshenku. Idan kuma za ka aika da kuɗin gyara, ka haɗa da saƙo ga magini: a bar allon nan yadda yake sai an nemi masu sani.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin iyayen ƙasa, ya ɗaukaka Rogo da Karaye da Jihar Kano baki ɗaya, ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.